Darasin lafiya: Tsutsotsin cikin kwaɗo da abin da suke koya mana

'Yan'uwa, a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun kwaɗo maƙwabcinmu ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, ruwa ba ya yankewa a hanyoyin ban-ruwa da gonakin shinkafa, rani da damina. Inda ruwa ya zauna kuwa, kwaɗi sukan zauna. Yaranmu suna wasa da su. Wasunmu suna kama burduddugi su ci, wasu kuma su ƙyafe shi su sayar wa fatake masu kai shi kudu.

Duk wanda ya taɓa feɗe burduddugi ya san akan ga tsutsa a cikinsa, wani lokaci a hanji, wani lokaci a huhu. Mutane sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sukan tsorata, su ce kwaɗo ne ke sa wa yara tsutsar ciki, su bi shi da kisa. Wasu kuma sukan ce ba komai, su watsa wa karnuka kayan cikin. Dukansu biyu akwai gyara a maganarsu. Tsutsa ba iri ɗaya ba ce. Kowace tana da danginta, da wurin zamanta, da hanyar da take bi ta shiga jiki. In mun san dangin tsutsa, mun san ko abar tsoro ce ko ba abar tsoro ba, mun kuma san inda za mu tare ta.

Ana iya karanta wannan darasi a taron zumuntar mata, ko na matasa, ko na ƙungiyar manoma. Zai yi kyau a raba shi zama biyu, a bar lokaci domin tambayoyin da ke ƙarshe.

Kwaɗin da muke zaune da su

Masana sun sa kwaɗi cikin rukunin dabbobin da ke fara rayuwa a ruwa, su ƙarasa ta a tudu. An san irinsu fiye da 8,000 a duniya. Biyu daga ciki ne muka fi sani a nan.

Na farko shi ne kwaɗon gida, mai kaushin fata, wanda ke fitowa da dare yana cin ƙwari a gindin fitila. Sunansa na masana *Sclerophrys regularis*. Yana da dafi a kumburin da ke bayan idanunsa, shi ya sa kare ke yin kumfa a baki in ya cije shi. Na biyu shi ne burduddugi, mai santsin fata da dogayen ƙafafu, wanda ba ya nisa da ruwa. Sunansa *Hoplobatrachus occipitalis*. Shi ne aka fi ci a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa 'yan kasuwa 32 kaɗai a Nijeriya suna hada-hadar kwaɗi wajen miliyan 2.7 a shekara, kuma yawancinsu daga arewa da ƙasashe maƙwabta ake kawo su.

Kwaɗo yana ƙyanƙyashewa a ruwa, yana yawo a laka, yana cin ƙwari, sauro kuma yana cizonsa. Saboda haka duk ƙofofin da tsutsa ke bi ta shiga jikin mutum, akwai irinsu a jikin kwaɗo. Wannan ne ya sa ya zama kamar allon karatu a gare mu.

Manyan rukunai uku

Kafin mu shiga cikin kwaɗo, mu fara rarrabe tsutsotsin da ke zama a jikin mutum da dabba. Rukuni uku ne.

Akwai masu faɗi da gaɓa-gaɓa kamar ɗamara, wato tsila, wadda ake ɗauka a naman da bai dahu ba.

Akwai dangin masu faɗi kamar ganye. A cikinsu ne tsutsar tsargiya take, wadda ke sa fitsarin jini. Ita a jikin katantanwar ruwa take girma, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Mutanen wuraren ban-ruwa sun san ta sarai.

Sai na uku, waɗanda darasinmu ke kansu: mulmulallu masu kama da zare, masu tsini gaba da baya, marasa gaɓa. Masana suna kiransu nematod, daga kalmar Girkanci mai nufin zare. Mu kira su tsutsotsin zare. Suna da baki a gaba, da hanji miƙaƙƙe, da fata mai tauri wadda suke saɓawa sau huɗu kafin su balaga. A yawancinsu akwai namiji da mace, macen kuma ta fi girma. An ba fiye da iri 25,000 suna. Da yawa suna zaune a ƙasa da ruwa ba sa cutar kowa. Wasu suna sa saiwar tumatir ta yi ƙulle-ƙulle. Macijin ciki da kurkunu duk 'yan wannan rukuni ne. Tana kuwa ba ta cikinsu, domin jikinta zobe-zobe ne.

Yadda ake gane tsutsa a raɗa mata suna

A dā, in baƙo ya shigo kasuwar Mafara, dattijo yakan dubi tsagen fuskarsa ya ce wannan Bazamfare ne, wancan Bagobiri, wancan Bakabe. Haka masana ke yi da tsutsa. Kowane gida yana da alamarsa.

Ga yadda aikin ke tafiya. Akan buɗe kwaɗo a duba gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta inda aka sami kowace tsutsa. A wanke ta a ruwan gishiri. A sa ta a sinadarin alkohol mai zafi domin ta miƙe. A jiƙa ta da gilisirin har jikinta ya yi garau, ana ganin ciki. Sannan a ɗora ta a madubin likita, wanda ke ƙara girman abu sau ɗaruruwa, a dubi waɗannan:

1. Baki. Leɓe nawa gare ta? Bakin yana da kofi mai tauri, ko haƙora?
2. Maƙogwaro. Miƙaƙƙe ne, ko yana da kumburi a ƙarshe kamar albasa?
3. Wutsiyar namiji. Nan ne alama ta fi yawa. Akwai 'yan allurai biyu da yake barbara da su, da 'yan ƙuraje a jere, waɗanda akan ƙidaya.
4. Mace. A wane wuri a jikinta ƙwai ke fita? Ƙwai take sakawa, ko 'ya'ya masu rai take haifa?
5. Awo. Tsawo da kauri da girman ƙwai.

In an gama, sai a zana hotonta, a gwada da waɗanda aka riga aka sani. Idan ba ta dace da kowa ba, a rubuta bayaninta a buga, a ajiye samfurinta a gidan adana kayan bincike domin na baya su iya dubawa. A yau ana ƙarawa da gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, domin tsutsotsi biyu kan yi kama a ido alhali ba iri ɗaya ba ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Suna biyu ake ba kowace halitta, na gida da na kanta, kamar yadda mutum ke da sunan gidansu da sunan yanka. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ne ya kafa wannan tsari ga dabbobi a 1758, kuma a lokacin ne ya raɗa wa macijin ciki *Ascaris lumbricoides*. Gidaje masu kama da juna akan haɗa su zuriya ɗaya, zuriyoyi kuma su zama ƙabila. Suna yakan canza idan sani ya ƙaru. Kwaɗon gidanmu ma ya daɗe a gidan *Bufo*, aka mai da shi *Amietophrynus* a 2006, sannan *Sclerophrys* a 2016.

A 1987 wani masani mai suna M. R. Baker ya tattara sunayen tsutsotsin zare na kwaɗi da macizai da ƙadangaru a littafi guda. A Nijeriya kuwa, Farfesa Martins Aisien na Jami'ar Benin da abokan aikinsa sun yi shekaru suna wannan bincike, daga dazukan kudu har zuwa New Bussa kusa da madatsar Kainji.

Gidaje shida da 'yan'uwansu a jikinmu

Yanzu mu bi gidajen ɗaya-ɗaya. A kowanne, mu lura da abu uku: ina take zama, ta ina take shiga, wace ce 'yar'uwarta a jikin mutum.

*Na ɗaya: tsutsar huhu, gidan Rhabdias.* Siririya ce, cikinta ya yi duhu saboda jinin da take sha. Abin mamaki, wadda ke cikin huhu ita ce namiji, ita ce mace. Ƙwanta yakan hau maƙogwaron kwaɗo, ya haɗiye shi, ya fita da kashi. A ƙasa mai laima sai a sami maza da mata, su haifi 'ya'yan da za su huda fatar wani kwaɗo su nufi huhunsa. Tana hana ƙananan kwaɗi girma, har takan kashe su. An ba irin Afirka suna *Rhabdias africanus* a 2001. Hanyarta ita ce hanyar tsutsar ƙugiya a jikinmu. Ita ma daga bayan gida take zuwa ƙasa, ta huda tafin ƙafar wanda ba shi da takalmi, ta bi jini zuwa huhu, sannan ta sauka hanji ta kama shan jini. Ƙarshenta ƙarancin jini, musamman ga yara da mata masu ciki.

*Na biyu: tsutsar ƙaramin hanji, gidan Oswaldocruzia.* Wani masani ɗan Barazil mai suna Travassos ne ya raɗa sunan a 1917 domin girmama likita Oswaldo Cruz. Jikinta yana da layuka a tsaye waɗanda take maƙale hanji da su. Wutsiyar namijin tana buɗewa kamar lema. Wannan lemar ita ce tsagen ƙabilarsu. Tsutsar ƙugiya tana da ita, haka ma jar tsutsar tumbin tumaki da awaki, wadda ke sa su rama da kumburin haɓa da damina.

*Na uku: tsutsar ƙarshen hanji, gidajen Cosmocerca da Aplectana.* Gajeru ne farare, 'yan milimita kaɗan, kuma suna cikin waɗanda aka fi samu a kwaɗi. Matan gidajen biyu suna kama da juna ƙwarai. Sai an sami namiji ake rabewa: na *Cosmocerca* yana da wasu 'yan maɓallai masu kama da fure a jere kusa da wutsiya, na *Aplectana* ba shi da su. Ma'anar sunan *Aplectana* ke nan, wato marar maɓallai. A 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya kuma akwai wata mai suna *Gyrinicola*, wadda ke ɓacewa da zarar sun yi ƙafafu sun canza abinci. Ita 'yar'uwa ce ga ƙaramar farar tsutsar nan da ke sa yara susar dubura da dare.

*Na huɗu: mai leɓe uku, gidan Amplicaecum.* Ta fi sauran girma, ana ganinta da ido ba wahala a tumbi da hanjin kwaɗon gida. An ba *Amplicaecum africanum* suna a 1924. Leɓe uku alamar zuriyar macijin ciki ce. Shi macijin ciki yakan kai santimita 35, macen kuma tana iya saka ƙwai 200,000 a rana guda. Ƙwan yana daɗewa a ƙasa. Yana shiga bakinmu ta hannu marar tsabta, da ganyen da ba a wanke ba, da ƙasar da yara ke ci.

*Na biyar: tsutsar jini, gidajen Foleyellides da Icosiella.* Manyansu suna zama a kogon ciki ko cikin naman kwaɗo. 'Ya'yansu ƙanana suna yawo a jini har sai ƙwaro mai cizo ya zuƙe su ya kai wa wani kwaɗo. Sauro ne ke ɗaukar *Foleyellides*. 'Yan'uwansu a jikinmu su ne tsutsar tundurmi da gwaiwa, wadda sauro ke yaɗawa, da tsutsar makantar bakin rafi, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa. Wani likita mai suna Patrick Manson ne ya fara nuna cewa tsutsar tundurmi tana girma a cikin sauro, a ƙasar Sin a 1877.

*Na shida: jar tsutsa, gidan Camallanus.* Bakinta kamar ɓawon makankari biyu da aka haɗa, da zane-zane a ciki, da shi take kama hanji ta sha jini. Ba ta saka ƙwai, 'ya'ya take haifa. In sun faɗa ruwa, wani ɗan ƙwaro da ido da ƙyar ke gani yakan haɗiye su. Mu kira shi ƙumar ruwa. Daga jikinsa suke kaiwa ga kifi da kwaɗo. An sami *Camallanus dimitrovi* a burduddugin ƙasar Togo, aka ba ta suna a 1974. 'Yar'uwarta a jikinmu ita ce kurkunu, *Dracunculus medinensis*, domin ita ma ƙumar ruwa ce dokinta. Wani masani ɗan Rasha mai suna Fedchenko ne ya gano haka wajen 1870.

To, wace ce ke kama mutum?

Ga amsa a fili. Tsutsotsin nan na gidaje shida na kwaɗo ne. Sun saba da sanyin jikinsa, ba sa zama a jikin mutum su hayayyafa. Macijin cikin da yaro ya fitar ba daga kwaɗo ya same shi ba. Daga bayan gidan wani mutum ya fito, ya bi ƙasa ko hannu ko abinci. Kashe kwaɗin unguwa ba zai rage tsutsar ciki ko ɗaya ba. Sai dai ya ƙara mana ƙwari a gona, domin kwaɗo ma'aikaci ne da ba a biya. A 2023 binciken masana na duniya ya nuna kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu suna fuskantar ƙarewa.

Amma akwai wata hanya dabam da kwaɗo zai iya zama haɗari. Yakan zama masauki. Wato tsutsar da ba tasa ba ta shiga jikinsa tana ƙarama, ta kwanta a cikin nama, ba ta girma ba ta mutu ba, tana jiran wanda zai ci shi ɗanye. Irin wannan ba a ganinta da ido. Wadda muke gani muna ƙyama ba ita ce abar tsoro ba. Abar tsoro ita ce wadda ba mu gani.

Abin da ya faru a Chadi

Tsofaffinmu sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki mai ƙumar ruwa, bayan kamar shekara guda sai ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa mai tsawon da kan kai mita guda ta fara fitowa. Ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Takan zo a lokacin noma, ta kwantar da magidanci, gona ta zama saura. Ba ta da maganin sha, ba ta da allurar rigakafi.

A ƙidayar farko ta 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 653,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai kurkunu shiga tafki, da aikin masu sa kai na ƙauyuka, aka kawar da ita. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi ƙoƙari a wannan yaƙi. An ga ta ƙarshe a Jihar Enugu a Nuwamba 2008, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da ita a Disamba 2013. A duniya baki ɗaya, daga mutum miliyan 3.5 a 1986, an sauko zuwa mutum 15 a 2024.

A Chadi, maƙwabciyarmu, an yi shekara goma ba a ba da rahoton kowa ba, sai ta sake ɓulla a 2010. Daga 2012 aka fara ganin tsutsa tana fitowa daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na bakin Kogin Shari. A 2019 karnukan da suka kamu sun kusa 2,000. Tambaya ta farko ita ce: wannan kurkunun mutum ce, ko wata 'yar'uwarta ce ta dabbobi? Domin gidan *Dracunculus* yana da wasu iri da ke zama a macizai da namun daji. A ido duk fararen zare ne. Gwajin ƙwayar halitta ne ya raba gardama: ta kare da ta mutum iri ɗaya ce. Ashe kare mai kurkunu, in ya shiga tafki, zai iya ɓata ruwan gari.

Tambaya ta biyu: ta ina karnuka ke ɗauka? Masana suka shiga duba kifi da kwaɗi. A 2016 suka ba da rahoton samun jaririyar kurkunu a naman wani ƙaramin kwaɗo da aka kama a Chadi, mai suna *Phrynobatrachus francisci*. A wani rahoto na 2019 an same ta a burduddugi ma. Gwaji ya nuna ɗan kwaɗo mai wutsiya yana haɗiye ƙumar ruwa, tsutsar kuma ta zauna a jikinsa har ya girma. Kwaɗin da aka samu da ita kaɗan ne ƙwarai cikin ɗaruruwan da aka duba. Ƙananan kifi da kayan cikin kifi ma suna iya ɗauke da ƙumar ruwa. Saboda haka aka koya wa mutanen wurin su dafa kifi da kwaɗo sosai, su binne kayan ciki, su ɗaure karnuka. Yawan karnukan da ke kamuwa ya ragu ƙwarai tun daga 2019.

Mu lura da kyau. Da ba don an iya rarrabe wannan tsutsa daga wancan ba, da an ce ai tsutsar kare ce, ko tsutsar kwaɗo ce, a ƙyale. Sanin suna ne ya nuna inda za a tare. Babu kurkunu a ƙasarmu yanzu, amma mutane da dabbobi da kayan abinci suna ƙetare iyaka kullum. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za mu yi

Kowace ƙofa da muka gani a jikin kwaɗo tana da marfinta a gidajenmu.

Ƙofar ƙasa da fata. Kowane gida ya haƙa salga, a yi mata murfi. Kada a yi bayan gida a bakin hanyar ban-ruwa ko a gona. A kwashe kashin jarirai a zuba a salga, domin shi ma yana ɗauke da ƙwai. Yara su sa takalmi, ko da silifa ne.

Ƙofar baki. A wanke hannu da sabulu ko toka bayan an fito daga bayan gida da kafin cin abinci. A wanke latas da tumatir da karas da ruwa mai tsabta. A yanke wa yara farce.

Ƙofar ruwan sha. A sha na burtsatse ko na rijiya mai murfi. In dole ta sa a sha na tafki ko na hanyar ban-ruwa, a tace da ƙyalle mai matsattsen saƙa, in da hali a tafasa. Mai zuwa gona ya tafi da ruwansa.

Ƙofar cizo. A kwana cikin gidan sauro, manya da yara. Yana tare zazzaɓin cizon sauro, yana tare tundurmi.

Ƙofar nama. Mai cin burduddugi ko kifi ya dafa shi har ciki ya nuna. Shanya a rana ko ƙyafewa sama-sama ba dahuwa ba ce, saboda haka busasshe ma a dafa shi. A haƙa rami a binne kayan ciki, kada a jefa wa kare ko kyanwa. Kada a ɗora ɗanyen naman kwaɗo a kan gyambo ko ido da sunan magani, domin jaririyar wata irin tsila tana shiga jiki ta haka. A wanke wuƙa da hannu bayan fiɗa.

Magani. Idan ma'aikatan lafiya sun zo rabon maganin tsutsa a makaranta ko a unguwa, mu fito da yaranmu. Albendazol da mebendazol na tsutsar hanji ne. Ibamektin, wanda aka fi sani da Mectizan, na makantar bakin rafi ne, ana kuma haɗa shi da albendazol domin tundurmi. Firazikwantel na tsargiya ne. Kowane rukuni da maganinsa, shi ya sa maganin tsutsar ciki na kemis ba ya warkar da fitsarin jini. Mace mai ciki ta gaya wa ma'aikacin lafiya kafin ta sha kowanne. Magani yana kashe tsutsar da ke ciki, amma ba ya hana wata shiga. Sai an haɗa da tsabta.

Sa ido. Duk wanda ya ga farar tsutsa tana fitowa daga fatar mutum ko kare ko kyanwa, kada ya ja ta ya yar. A hana mai ita shiga ruwa, a ɗaure dabbar, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar. Su za su aika da tsutsar a gwada a san ko wace ce.

Kwaɗi. Masu kamu su bar ƙanana, su kuma sassauta a farkon damina lokacin da suke saka ƙwai. Kada a wanke tankin feshi a tafki ko hanyar ruwa, domin fatar kwaɗo tana shan duk abin da ke cikin ruwan, mu ma kuma ruwan nan muke amfani da shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne sunaye muke da su a garinmu na ire-iren kwaɗi da na tsutsotsi? Da wace alama muke rarrabe su?
2. A nemi wani dattijo ko wata dattijuwa da ta ga zamanin kurkunu ta ba matasa labari. Me aka yi har ta ɓace?
3. Mu zana taswirar garinmu a ƙasa. Mu sa dutse a inda muke ɗibar ruwan sha, mu sa ganye a inda mutane ke bayan gida. Ina suka yi kusa da juna?
4. Gida nawa ne ba su da salga? Me ya hana? Wane gida ne, kamar na gwauruwa ko na tsoho, ke bukatar aikin gayya?
5. Ina muke zubar da kayan cikin kifi da na burduddugi? Me karnukanmu ke ci?
6. Yaushe rabon da a raba maganin tsutsa a makarantarmu? Akwai yaran da ba sa zuwa makaranta da aka tsallake?
7. Cikin ƙofofi biyar da muka lissafa, wacce ce ta fi zama a buɗe a garinmu? Wa zai ɗauki nauyin rufe ta, kuma zuwa yaushe?

Kafin a tashi daga taro, a zaɓi aiki guda ɗaya da za a gama kafin wata ya ƙare, a rubuta sunayen waɗanda suka ɗauki nauyinsa, a sa ranar da za a dawo a duba. Tsutsa ba ta bambanta gidan wane da na wane, ruwa ɗaya muke sha da maƙwabtanmu. Saboda haka mu gayyaci mai unguwa da sauran mutanen gari, a yi aikin tare. Rigakafi ya fi magani.